Na Ci Masa Doki Amma Na Faɗi: Alƙali Ne Ya Cuce Ni?

TAMBAYA

Malam, barka da war haka. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Gwallameji, shekarata biyu ina buga ces, wato chess. Ƙarshen makon jiya na shiga gasar da kulob ɗinmu ya shirya a nan Bauchi, zagaye biyar, kowa minti 60 da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku. A zagaye na uku na haɗu da wani da nake cinyewa kullum a majalisa. Ni ke da fari. A taku na 12 na ci masa doki. A taku na 17 na kai hannu kan soja, ban ma ɗaga shi sosai ba na ga kuskure ne, na so in ci da ruk, sai ya tsayar da agogo ya kira alƙali. Alƙali ya ce dole in buga sojan. Taku biyar bayan nan aka yi min cekmet, wato aka ritsa sarkina wasa ya ƙare, alhali ina da sauran minti 54. Ga takardar wasan na turo. Anya ba a zalunce ni ba? Kuma in bar buɗin Italiya, salon da nake fara wasa da shi, in koma wani?

AMSA

Ƙanena, barka kadai, kuma na gode da ka turo takardar. Da yawa in sun faɗi sai su dunƙule ta su yar a bakin ƙofa, kai kuwa ka adana, rubutunka ya fito sarai, babu takun da ya ɓace. Daren jiya bayan isha'i na jera wasan a kan allo, na bi shi sau biyu, sau ɗaya daga kujerarka, sau ɗaya daga kujerar abokin karawarka. Abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi da farko ba, amma gara ka ji shi yanzu kana da shekara biyu a wasan.

Alƙali bai zalunce ka ba. Buɗin Italiya bai yi maka laifin komai ba, shi ne ma ya ba ka dokin. Kuma ba a taku na 17 wasan ya kuɓuce maka ba. Tun a taku na 13 ya fara zamewa, wato takun farko bayan ka ci dokin.

Bari mu fara da dokar, tunda ita ke ci maka rai. Sashe na 4 na dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, bai bar wurin gardama ba. In takunka ne ka taɓa ɗanka da niyyar bugawa, shi za ka buga muddin yana da inda zai je. In ɗan abokin karawa ka taɓa, shi za ka ci muddin yana ciwuwa. Ba a ce sai ka ɗaga shi sama ba, ba a ce sai ya bar gidansa ba. Abu biyu kawai aka yafe. Na farko taɓawar da kowa ya ga ba da gangan ba ce, kamar hannun riga ya ture soja. Na biyu gyaran zama, shi ma sai a lokacin takunka, kuma sai ka faɗa da baki kafin hannu ya sauka, ba bayan ya sauka ba. Kai da bakinka ka ce ka kai hannu ne don ka ci, to niyya ta tabbata. Sojan f2 (sunan gidan da yake a allo ke nan) kuwa ba shi da wata hanya, domin ɗan'uwansa na zaune a f3 ya tare masa gaba, saboda haka ci da shi a e3, wato fxe3, ya zama dole. Bakin alƙalami ya bushe. Ni ma ina alƙalanci, kuma da haka zan yanke ko da ɗan cikina ne a kujerar.

Kada ka riƙe abokin karawarka a zuci. Abin da ya yi shi ne daidai: bai yi musu da kai ba, bai ɗaga murya ba, ya tsayar da agogo ya kira mai hukunci. Kuma ya yi a kan lokaci, domin da ya bari ka ci da ruk sannan ya taɓa ɗansa da niyyar bugawa, da haƙƙinsa na ƙorafi ya faɗi. Ka koyi wannan daga wurinsa, wata rana kai za ka buƙace shi. In kuma nan gaba alƙali ya yanke abin da ka tabbata ya saɓa doka, kana da damar ɗaukaka ƙara ko da ka sa hannu a takarda, sai dai in ƙa'idar gasar ta ce babu. Amma a wannan karon babu ƙarar da za ta tsaya.

Na san inda ɗabi'ar ta samo asali, domin dukkanmu daga can muka fito. A majalisa, ko dara ake yi, ko diraf, ko ces, hannu ne ke yin tunani. Mutum ya ɗauki ɗa, ya riƙe shi a sama yana lilo, ya ajiye, ya ga ba ta yi ba, ya ce "tsaya, tsaya", ya mayar. Wani na bayansa ya yi gyaran murya, wani ya ce "kai, duba sarauniyarka mana", a yi dariya a ci gaba. Wasan zumunci ne, kuma ina son sa. Sai dai wanda ya shekara biyu a haka ya saba ganin kuskurensa bayan ɗa ya bar gidansa, domin a lokacin ne allon ke sauya masa kama. Zauren gasa kuwa yana neman ka ga allon da bai zo ba tukuna, da idon zuci, hannunka na kan cinya. Wasan waya ma bai taimaka ba: a can sai ka ja ɗa da yatsa ka mayar, manhaja ba ta ce maka komai.

Kuma kada ka ɗauka ƙananan 'yan wasa kaɗai abin ke samu. A 1960, a birnin Buenos Aires, Bobby Fischer yana ɗan shekara 17 ya taɓa sojansa na h yana karawa da Wolfgang Unzicker, ya ga abin da ya jawo wa kansa, ya buga shi a haka, ya faɗi. A 2016, a gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya da aka yi a Mosko, Hikaru Nakamura ya taɓa sarkinsa a ƙarshen wasa da Levon Aronian, aka ce sai ya buga shi, wasan ya tafi. Dokar da ta hau kansu ita ta hau kanka, ba ragi ba ƙari.

To yanzu ga wasan, don masu karatu su jera shi su gani da idonsu. N doki ne, B bishof, R ruk, Q sarauniya, K sarki, soja ba shi da harafi. Alamar x ci ne, + cek, wato hari kan sarki, O-O shigar da sarki gida ta gajeren gefe, ɗigo uku bayan lamba kuma, kamar 12...bxc6, takun mai baƙaƙen 'ya'ya ne.

1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.c3 Nf6 5.d3 d6 6.O-O O-O 7.Re1 a6 8.Bb3 Be6 9.d4 exd4 10.cxd4 Bb6 11.d5 Bg4 12.dxc6 bxc6 13.Qc2 Bxf3 14.gxf3 Nh5 15.Qxc6 Qh4 16.Be3 Bxe3 17.fxe3 Qxe1+ 18.Kg2 Qe2+ 19.Kg1 Qxe3+ 20.Kg2 Nf4+ 21.Kf1 Qe2+ 22.Kg1 Qg2 cekmet.

Taku 12 na farko ba ni da abin cewa sai yabo. Ka hango cewa in sojanka ya isa d5 zai tsaya tsakanin dokin c6 da bishof ɗin e6, dole ɗaya ya tafi, kuma ka share masa hanya da 9.d4, wanda ya kori bishof ɗin c5 ya ba ka taku kyauta. Wannan ido ne mai kyau. Gaskiya dai ita ce sau biyu yana da mafita, a taku na 9 da na 10, in da ya ci bishof ɗinka na b3 tukuna da babu abin da sojan zai tarar a e6. Bai gani ba, ka hukunta shi. Haka wasan irinmu yake, ba a cin sa da dabarar da babu maganinta, ana cin sa ne da kuskuren da aka lura da shi.

Nan nake so ka tsaya. Jera allon bayan 12...bxc6, ka tashi tsaye ka kalle shi daga sama kamar ba naka ba. A lissafin takarda kana gaba: doki maki 3, shi ya samu soja maki 1. Amma ƙirga waɗanda suka fito aiki. Ruk ɗinka na a1, dokin b1 da bishof ɗin c1 duk suna kwance inda aka jera su. Dokinka na f3 a ɗaure yake, in ya motsa sarauniya ta tafi. Shi kuwa 'ya'yansa uku da suka rage a fili kowanne yana kallon gidan sarkinka: bishof na b6 ya zuba wa f2 ido, bishof na g4 ya danne f3, doki na f6 na jiran a ce masa bisimilla. A gefen da za a yi faɗan, shi ne mai rinjaye. Ka duba takardarka da kyau za ka ga abin da ya fi ba ni takaici: har aka yi maka cekmet, dokin b1 da ruk ɗin a1 ba su taɓa motsawa ba. Maki 8 ke nan suna barci. Dokin da ka ci masa a taku na 12, kai ma ka ajiye naka a b1 ka biya shi. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Wanda ya ci ɗa babba aiki uku ne a gabansa, kuma babu ɗaya a ciki mai ban sha'awa: ya fito da sauran 'ya'yansa, ya tsare sarkinsa, ya yi ta musayar manya har allo ya yi fili, rarar da yake da ita ta yi magana da kanta. A nan taku ɗaya na yin duka ukun, 13.Be3. Ya fito da bishof, ya toshe hanyar b6 zuwa f2, ya kuma nemi musaya da ɗan da ya fi kowane haɗari a rundunarsa. In ya ci, 13...Bxe3 14.Rxe3, ruk ya hau layi na uku yana gadin f3 da e4 gaba ɗaya. In ya yi kwaɗayin soja da 13...Nxe4, sai 14.Bxb6 cxb6 15.Rxe4, ya sake rasa doki. Ko 13.h3 ma ta wadatar, ka tambayi bishof ɗin g4 abin da ya kawo shi, in ya ci f3 sarauniya ta rama, sojojin gaban sarki na nan a jere.

Kai kuwa 13.Qc2 ka buga. Na gane tunaninka: ka kwance ɗaurin, ka kuma auna sojan c6. Amma sarauniya ce kaɗai babba da ke tsaye bayan dokin f3, da ta tashi sai ramuwa ta koma kan sojan g2. Shi ya sa bai ɓata lokaci ba, ya ci, ka rama da soja, katangar gidan sarkinka ta tsage daga sama har ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Layin g ya buɗe, h3 da f4 sun zama gidajen da babu sojan da zai kori baƙo daga cikinsu cikin sauƙi.

Duk da haka, bayan 14...Nh5 wasan na hannunka. Nan ne wurin tambayar da nake so ta zame maka kamar alwala kafin salla: me yake nema da wannan takun? Mutum ba ya kai doki bakin allo don nishaɗi. Dokin ya tashi daga f6 ne don ya buɗe wa sarauniya hanya daga d8 zuwa h4, shi kuma yana kan hanyarsa ta zuwa f4. Sarauniya a h4 ko h3, doki a f4, sarki a g1 babu sojan g2: wannan hoto ne da ya kamata duk ɗan wasa ya sani kamar fuskar maƙwabcinsa, domin ƙarshensa cekmet ne a g2. Da ka yi wa kanka tambayar, da 15.Be3 ta zo maka da kanta. Sai ga shi ka aika sarauniya c6 ta ɗauko soja. Sojan da ke gaban ɗan'uwansa a layi ɗaya, gurgu, babu inda za shi, ko bayan taku ashirin yana nan yana jiran ka. Kana da rarar doki, me soja zai ƙara maka? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da wannan takun ka raba sarauniya da layi na biyu, inda take gadin f2 kuma take iya zamewa g2 ta tare cek, ka kai ta inda sojanka na e4 ya toshe mata hanyar dawowa gida.

Akwai wani abu game da taku na 17 da nake so ka sani, domin zai rage maka zafin abin. Hannunka bai yi wauta ba da ya nufi sojan f2. Ci da soja a e3 tunani ne mai kyau, yana hana doki sauka f4. Da a taku na 15 ka buga Be3, ya ci, ka rama da 16.fxe3, da ka yi daidai: in ya ba da cek a g5, sarauniyarka ta zame daga c2 zuwa g2, harinsa ya mutu, ka fito da doki ka ci gaba da cin wasanka. Taku biyu kacal suka sauya komai. Sarauniyarsa ta zo h4, sojan f2 ya zama shi kaɗai ne tsakaninta da ruk ɗin e1, ruk ɗin kuma babu mai tsaronsa saboda dokin b1 ya tare ɗan'uwansa na a1. Ka ga inda barcin dokin nan ya sake fitowa. Hannunka ya tuna darasi, idonka ne bai duba ko allon na nan yadda ya bar shi ba.

To a ce alƙali ya yafe maka, ka buga 17.Rxe3 da kake so. Kana tsammanin ka ci? Jera ka gani. Zai amsa da 17...Nf4. Yanzu in ka buga takun da kowa zai buga, 18.Nd2, don ka fito da doki a ƙarshe, sai 18...Qh3, kuma babu ɗa ɗaya a rundunarka da zai iya tsare g2. Dole ka gano wata kariya, kamar 18.Qc4 ko 18.Bc4, don wani ya samu komawa f1. Ko da ka gano waɗannan biyun, yana da 18...Qg5+ 19.Kf1 Qg2+ 20.Ke1 Qg1+, ka tare a f1, doki ya faɗo g2 da cek yana auna sarki da ruk. Ba na cewa ka faɗi a nan. Ina cewa wasan ya riga ya tashi daga na mai rarar doki ya koma kokawa, sarkinka na gudu a tsakar gida, canjaras ma abin godiya ne. Wanda yake buga taku cikin kimanin daƙiƙa 46 kuwa da wuya ya fita daga irin wannan da ƙafarsa.

Wannan ya kawo ni kan lambar da ta fi komai tsaya min a wasiƙarka, minti 54. An ba ka minti 60, ƙarin daƙiƙa 30 a taku 22 ya ba ka wasu 11, jimla 71. Ke nan minti 17 kawai ka kashe a wasan gaba ɗaya. Agogo ba ya ba da lada don an rage masa, minti 54 ɗin nan ba a ƙara maka su a zagaye na huɗu ba. Taku na 13 da na 15 kowanne ya cancanci minti goma, kuma da ka ba su, da har yanzu kana da rabin awa a aljihu.

Shekarun da na yi ina tsaye a zauren gasa, a nan Bauchi da Gombe, sun koya min gane wanda ya ci ɗa babba ko daga ƙarshen zaure nake, ba sai na ga allonsa ba. Bayansa ne ke fara jingina da kujera. Can sai ya tashi, ya zagaya yana leƙen allon wasu, hannu a baya. Ya kai bakin taga inda abokansa ke tsaye, ba ya magana, amma fuskarsa ta gaya musu. In ya ji ƙarar agogo ya dawo, wani lokaci ko zama bai gama yi ba ya buga. Ɗayan kuwa ya dafe kai da hannu biyu, hularsa ta koma ƙeya, ruwan da ya saya tun safe na nan bai buɗe ba, bai san ma an ɗauke wuta fanka ta tsaya ba. Ɗaya ya gama wasa a zuciyarsa, ɗaya yanzu ya fara. Ban san ko ka tashi daga kujerarka ba ranar, amma takardarka ta nuna min zuciyarka ta tashi. Sau da yawa na ga dara ta ci gida a irin wannan teburin, kuma kullum sai na ji ba daɗi, domin yawanci wanda ya fi iya wasan ne ke fita da kai a sunkuye.

Ka yi wa abokin karawarka adalci kuma. An ci masa doki a taku na 12, bai miƙa hannu ba, bai yi fushi ya watsar da wasan ba. Ya duba abin da ya rage masa, ya ga duk suna kallon wuri guda, ya tura su can. Daga taku na 13 har ƙarshe babu takunsa ɗaya da ba ci ba ne, ko cek, ko shirin hari. Wannan shi ne yadda ake buga wasan da ya lalace, kuma a matakinku kada wanda ya sallama don an ci masa doki ɗaya. Batun kana cinye shi kullum a majalisa, wasan minti biyar da wasan awa guda ba sana'a ɗaya ba ce. Na farko saurin ido yake aunawa, kuma kana da shi. Na biyu haƙuri yake aunawa. Ko a lissafin Elo, ma'aunin ƙarfin 'yan wasa wanda FIDE ke aiki da shi tun 1970, wanda ya fi abokinsa da maki 200 ana sa ran ya kwashi kashi 76 cikin 100 ne na makin wasanninsu, ba duka ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na mai rauni ne, kuma irin wannan ranar ce yake karɓar rabonsa. Ba abin kunya ba ne. A tsarin Suwis da ake bi a gasa irin taku ma, faɗuwa ɗaya ba ta fitar da kowa, zagaye na gaba za a haɗa ka da mai maki irin naka ne. Abin da ke kashe gasa shi ne a ɗauki haushin zagaye na uku a shiga da shi na huɗu.

Buɗin Italiya kuwa ka riƙe shi. Ya fi shekara 400 ana buga shi, manyan duniya na buga shi har gobe, kuma ya kai ka taku na 12 da rarar doki. Me kake nema wurin buɗi da ya wuce haka? Duk sa'ar da za ka kashe kana haddace sabon buɗi, ka kashe ta a kan abin da ya kayar da kai.

Ga abin da nake sa yarana su yi, kuma na ga amfaninsa. Biro ya zauna a hannun da kake bugawa da shi. In abokin karawa ya taka, ka rubuta takunsa tukuna, ka rubuta lokacin da ke agogo a gefe, doka ta yarda da wannan. Sannan ka duba duk cek ɗin da yake da shi, duk abin da zai iya ci, duk barazanar da takun ya haifar. In ka zaɓi naka, kada ka ajiye biron tukuna: ka ɗauka ka riga ka buga, ka sake duba cek da ci nasa a sabon allon. Sai ka ajiye biro, ka ɗauki ɗa, ka kai shi inda za shi kai tsaye, ka danna agogo da hannun da ka buga. Abu ɗaya ka kiyaye, kada ka rubuta takunka kafin ka buga shi. A da ana koyar da haka, yanzu doka ta hana, sai in canjaras za ka nema. A majalisa kuma ku yi yarjejeniya da abokanka, ko da wasa biyu ne a rana, wanda aka taɓa shi za a buga, 'yan kallo su yi shiru. Za a yi ta ƙorafi mako guda, daga baya a saba.

Kada ka yi saurin zuba wasan a Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasan ces. Zai nuna maka lambobi cikin daƙiƙa biyu, ka gyaɗa kai, ka manta kafin magariba. Ka fara zama da allo na gaske da littafin rubutu, ka rubuta abin da kake tunani a taku na 13, na 15 da na 17, da abin da kake ganin ya fi. Bayan nan ka buɗe shafin ces na Lichess ka gwada amsarka da ta injin.

Sai na ƙarshe, wanda na fi so ka yi. Ka nemi abokin naka, ka gaishe shi, ka ce ya zo ku zauna. Ku jera allon daidai bayan 12...bxc6, kai da fari, ku sa agogo minti 30 kowa, ku buga shi daga nan sau uku, kowanne ka rubuta. A na farko ka fara da 13.Be3, a na biyu 13.h3, na uku ka zaɓa da kanka. Sharaɗina ɗaya ne: kada sarauniyarka ta ci soja ko ɗaya sai dokin b1 ya fito, ruk biyu sun ga juna. In kun gama ka turo min takardun uku da lokutan a gefe, in Allah ya yarda zan duba su kafin gasarku ta gaba.